Oba-oba ko gajeren zango: Wace rediyo ce za ta yi mana rana idan layin waya ya ɗauke?

A farkon watan Satumbar 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ba a jima ba matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutane suka riƙa yin tafiya mai nisa don kawai su sanar da dangi cewa suna raye. Wannan ya nuna mana cewa wayar da ke aljihunmu aron murya take yi daga turken kamfani, in turken ya yi shiru ita ma ta yi.

Tun daga lokacin nake lura da yadda rediyon oba-oba ke ƙara yawa a hannun 'yan sintirin unguwanninmu na Kabuga da Janbulo da Ɗorayi, har ma da masu gadin makarantu. Tambayar da aka fi yi mini ita ce, wace ce ta fi ƙarfi? Ni kuwa a ganina tambayar da ta dace ita ce, wa kake son ya ji ka, kuma a ina yake?

Mu fara da ta hannu. Wadda ta cika kasuwa ita ce Baofeng UV-5R, ƙirar ƙasar Sin. Tana aiki a zango biyu, megahaz 136 zuwa 174 da kuma 400 zuwa 520, ƙarfinta bai wuce wat 5 ba, tana riƙe tashoshi 128, tana kama gidajen rediyon FM, har da 'yar tocila a kanta. Arharta ce ta sa ta shahara, don a ƙasashen waje ba ta cika wuce dala 30 ba. Amma kunnenta ba ya tacewa sosai, kusa da babban turken watsa shirye-shirye sai ta kurmance. Saita ta da maɓallan jikinta aiki ne mai gundura, sai an haɗa ta da kwamfuta. Gwaje-gwajen ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta Amurka, ARRL, sun kuma nuna cewa da yawa daga cikinsu na zubar da sigina a zangon da ba nasu ba.

Kishiyarta, Yaesu FT-60R ta Japan, wadda ta fito a 2004, ita ma wat 5 ce. Kuɗinta ya ninka na Baofeng sau da dama, amma jikinta ya fi jure faɗuwa, kunnenta ya fi tsabta, kuma tana riƙe tashoshi 1,000. Mai fita sintiri kowane dare zai ga amfanin bambancin, mai ajiyewa don ɓacin rana kuwa Baofeng ta ishe shi.

Sai dai duk su biyun doka ɗaya ke mulkinsu: siginarsu a miƙe take tafiya kamar hasken fitila. Mutum biyu a tsaye a fili, iyakarsu kimanin kilomita 10. A cikin gari, tsakanin benaye da kwanon rufi, abin kan dawo kilomita biyu ko uku. Daga Ƙofar Kabuga za ka iya samun na Tal'udu, amma da wuya ka samu wanda ke sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo. Saboda haka duk kwalin da aka rubuta wa kilomita 50, a bar wa mai shago kayansa. Maganin nisa shi ne tudu. Na'urar maimaita sigina guda ɗaya a kan Goron Dutse za ta yi wa unguwannin yammacin birni abin da ƙarin wat ba zai yi ba.

Idan kuwa wanda kake nema yana Gusau, kimanin kilomita 200 a miƙe daga Kano, to magana ta koma gajeren zango. Wannan ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun san mita 49 ta Rediyon Kaduna, sun san yadda Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, ke isowa ƙauye daga wata uwa duniya. Sigina ce ke hawa sama, ta bugi wani rufin iska mai ɗauke da lantarki, ta dawo ƙasa. A megahaz 7, wato mita 40, da waya mai tsawon kusan mita 20 da aka ɗaure ba da tsayi sosai ba, da rana ana iya samun Katsina da Gusau da Maraɗi ba tare da turken kowa ba.

A nan na'urori uku ne suka cancanci a auna. Icom IC-7300, wadda ta fito a 2016, wat 100 ce, tana da allon taɓawa mai nuna duk masu magana a zangon kamar a hoto, tana kuma daidaita eriya da kanta. Ita ce mafi sauƙin koyo, kuma ta iya rage ƙarar da inbata da janareta ke cusa wa rediyo, wadda ita ce babbar cutar mai saurare a cikin Kano. Amma kuɗinta ya kai dala dubu, kuma lokacin magana tana iya jan amp 21. Yaesu FT-891 ita ma wat 100 ce, nauyinta bai kai kilo 2 ba, ta dace da mota. Aibinta ƙaramin allo, da saituna da aka binne cikin jeri bayan jeri, kuma sai an saya mata na'urar daidaita eriya daban. Ta uku, Xiegu G90 ta Sin, wat 20 ce kacal, tana da mai daidaita eriya da ke karɓar kusan kowace waya, kuma cin wutarta bai wuce amp 8 ba.

Mai karatu zai ce ina wat 20 ina wat 100? A ma'aunin ƙarfin sigina mai hawa tara, sai ka ninka wuta sau huɗu kafin ka ƙara hawa ɗaya a kunnen mai saurarenka. Tazarar da ke tsakaninsu ke nan ba ta fi hawa ɗaya da 'yan kai ba, kuma eriya mai kyau kan cike ta. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, na'urar da batirin mota da farantin sola ɗaya za su riƙe ta yini guda ta fi wadda za ta shanye batirin kafin la'asar. Don haka ni G90 zan zaɓa wa ɗalibi, IC-7300 kuma a bar wa makaranta ko cibiya mai wadatar wuta.

Akwai gargaɗi biyu. Na farko, saurare kyauta ne, amma magana sai da lasisi. Mai lasisin sha'awa a Nijeriya yana samun lambar kira mai farawa da 5N, na Nijar 5U, kuma ba a yarda a yi kasuwanci ko a ɓoye saƙo a zangonsu ba. 'Yan sintiri su nemi tasu tashar ta hanyar hukuma, kada su faɗa kan ta jami'an tsaro. Na biyu, oba-oba ba ta da sirri. Duk mai irinta zai ji ka, har ɓarawon da kake fako.

Abin da ya fi na'ura wuyar samu shi ne mutumin da ya iya ta. Lokacin girgizar ƙasar Nepal a 2015, masu wannan sha'awa sun taimaka wajen isar da saƙonni saboda sun daɗe suna atisaye tun kafin masifa. Tsohon mazaunin Jami'ar Bayero yana nan gab da Ƙofar Kabuga, jami'ar kuma tana da ɗaliban injiniyan lantarki da na aikin jarida. Ina kira gare ta, da Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jihar Kano, su haɗa kai da ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta ƙasa, NARS, a horar da matasa, a sama musu lasisi, a riƙa gwada kira zuwa maƙwabtan jihohi ko da sau ɗaya a mako. Ba a fafe gora ranar tafiya.