Gano Tushen Kuskure a Manhajar Python

Manhaja ta kasa buɗe fayil, sai ta ce "an kasa loda bayanai". Gaskiya ta faɗa, amma ainihin dalilin yana can ƙasa.

Tun fitowar Python 3.0 a 2008, idan mai rubuta manhaja ya yi amfani da `raise ... from`, sabon kuskuren yakan riƙe na farko a cikin `__cause__`. In bai yi hakan ba, Python yakan ajiye shi a `__context__`. Sai a riƙa bin sawu ɗaya bayan ɗaya har a tarar da `None`. Kuskuren ƙarshe kafin `None` ɗin shi ne tushe.

Masu rubuta `from None` kuwa, rahoto kawai suke tsabtacewa. Kuskuren farko yana nan daram a `__context__`.