Batir a cikin kwale-kwale: abin da ake faɗa da abin da yake gaskiya

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya daina zama baƙon damina a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Da shinkafa da tumatir aka fi sanin yankin, amma ruwan da ya kawo su ya kawo kifi. Akwai mutanen Madobi da maƙwabtansu da abincinsu ke cikin kwale-kwale, wasu a Tiga, wasu a Bagauda, wasu a gurbin da kogi ya yi zurfi. Yawancin jiragen na katako ne, da filafili ake tuƙa su, sai tsiraru masu inji. Abin da ya shigo da batir cikinsu shi ne dare. Wanda ya zuba kalli da yamma zai koma dubawa kafin asuba, yana son fitila, yana son wayarsa da caji. Ranar da batirin ya mutu kuwa, kowa a bakin ruwa ya zama injiniya, kuma rabin shawarar da mai batirin zai ji ita ce za ta kashe masa sabon.

A fara kawar da mai sauƙi. Wasu sun ɗauka injin jirgi ba ya aiki sai da batir. Ƙananan injunan da ake tayarwa da igiya, irin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40, da kansu suke haɗa wutar fulogi, daga maganaɗisun da ke juyawa a kansu. Mai makulli ne kawai yake neman batirin tayarwa. Saboda haka ga mafi yawan masuntanmu, aikin batir fitila ne da caji, kuma wannan shi ya kamata ya yanke irin wanda za a saya.

Daga nan sai babbar magana, wadda ta fi cin kuɗin mutane: wai batir batir ne, na mota ma ya isa, tunda duk 12V aka rubuta. Gaskiyar da ke ciki ita ce zai kunna fitilar, babu musu. Ƙaryar tana wajen daɗewa. A cikin batirin mota akwai fale-falen dalma sirara masu yawa, an yi su ne don su saki wuta mai ƙarfi na daƙiƙa biyu ko uku, inji ya tashi, nan take mota ta mayar musu da abin da suka bayar. Ba a gina shi don a tsotse shi a hankali daga magariba zuwa asuba ba. Duk daren da aka yi masa haka, wani abu na fale-falen yana zubewa ya taru a ƙasa, kuma ba ya komawa. Shi ya sa batirin da zai yi shekaru a mota yake gajiya cikin watanni a jirgi. Wanda aka yi don wannan wahala shi ne wanda 'yan kasuwa ke kira batirin sola ko na inbata, mai fale-fale masu kauri. A cikinsu ma, ga kwale-kwale, rufaffen da ba a zuba masa ruwa ya fi. Dogayen nan masu ruwa suna da ƙarko a ɗaki, amma jirgi yana tangaɗi, asid zai malalo ya ci koma, ya ci wando, ya ci tafin ƙafa.

Haka nan cewa babba ya fi. Lissafin bai fi ƙarfin kowa ba. Fitilar zamani mai wat 12 tana jan amfiya 1 a batirin 12V. Guda biyu na awa takwas sun ci 16Ah ke nan. A ƙara cajin waya biyu ko uku, a ce 20Ah. Batirin dalma ba a so a ci fiye da rabinsa kafin a mayar da shi caji, don haka a ninka: 40Ah zuwa 50Ah ya wadatar. Mai 200Ah ya fi buhun taki nauyi, kuma wannan nauyin a ƙaramin jirgi wurin kifi ya tare, ga ƙugun mai ɗauka daga bakin ruwa zuwa wajen caji kullum. Akwai kuma illar da ba a cika lura da ita ba: ƙaton batir a kan ƙaramin farantin sola ba ya taɓa cika, batirin dalma da ke zama rabi-rabi kuwa mutuwa yake yi a hankali.

Sai dai masu cewa a ɗaga a ji nauyi suna da gaskiya. Dalma ce ke riƙe wutar, dalma kuma nauyi gare ta. Batirin dalma na gaske mai 100Ah yana kai kilo 25 zuwa 30. Idan an rubuta 100Ah a jikinsa amma yaro ya ɗauke shi da hannu ɗaya, takardar ce kawai mai 100.

Na hannu fa, wanda ake cewa Baljiyam, wai ya fi sabo ƙarfi? Wannan magana a ƙarfen mota aka aro ta, inda wani lokaci take da hujja. A batir ba ta da ita, domin yana tsufa ko ana amfani da shi ko yana ajiye. Ana dacewa da mai sauran rai a kasuwar Kofar Ruwa ko ta Sabon Gari, amma dacewa ce. Kuma mita kaɗai ba shaida ba ce. Cikakken batir mai lafiya, idan ya huta wasu awoyi bayan caji, yana nuna 12.6 ko 12.7. Amma wanda aka cire daga caji yanzu-yanzu zai iya nuna 13 alhali cikinsa fanko ne. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a ɗora masa aiki. Ka ce wa mai shago, "Maigida, a sa masa ƙwan mota mu gani." A haɗa ƙwan babbar fitilar mota mai wat 55, a bar mita a kai, a zauna ana hira minti goma. Mai lafiya zai ɗan sauka ya tsaya sama da 12. Matacce za ka ga lambar tana gangarowa, hasken yana komawa ja. Mai sayarwa da ya ƙi wannan gwajin ya riga ya ba ka amsa. Ko sabo ne, a duba ranar da aka yi shi, a duba gefensa ko ya kumbura.

Maganar ruwa ita ce aka fi cakuɗawa. Ga mai batirin da ake buɗewa, idan ruwan ya ja baya, wasu asid suke ƙarawa don wai ya ƙara ƙarfi. Abin da zafi da caji ke ragewa ruwa ne, asid ɗin yana nan. Ƙara masa wani sai ya yi kauri ya cinye fale-falen. Tataccen ruwan batir kaɗai ake zubawa, wanda aka samo daga tururi, daidai yadda zai rufe fale-falen. Ruwan leda da na rijiya da na kwata duk suna ɗauke da gishirin ƙasa, tafasawa kuma ba ta fitar da shi. Ruwan sama da ya biyo ta kan kwano ya kwaso tsatsa da ƙura. Masu jefa ƙwayar ciwon kai a ciki don tayar da matacce, ko sun ga ya motsa na kwana ɗaya, ba magani suka yi ba.

Ana cewa kada a ajiye batir a kan siminti ko ƙasa, wai tana shanye wutar. Wannan ya samo asali ne daga baturan dā masu akwatin katako da na baƙar roba mai tsotsar danshi. Na yanzu robarsu ba ta barin wuta ta bi. Abin da yake shanye batir a ƙasarmu rana ce. A ƙa'idar masu ƙera shi, duk ƙarin zafi na kusan digiri 10 sama da 25 yana raba rayuwar batirin dalma gida biyu, a nan kuwa watan Afrilu yana haura 40 a inuwa. Batirin da aka bari a cikin jirgi tsakar rana dafuwa yake yi. A ɗora shi a kan katako saboda ruwan da ke taruwa a gindin jirgi, a ɗaure shi, a yi masa inuwa, a rufe kawunansa don kada wuƙa ko ƙugiya ta haɗa su. Kuma cewa sai ya ƙare ƙarƙaf kafin a sa caji, dokar baturan tsofaffin wayoyi ce aka jingina masa. Na dalma, da ka dawo ka sa shi, a wurin da iska ke shiga, nesa da taba da murhu, domin iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kamawa da wuta.

Na litiyom, ana cewa bam ne. Irin da ake rubuta wa LiFePO4, mai na'urar kariya a ciki, yana daga cikin masu natsuwa, bai kai rabin nauyin na dalma ba, kuma yana jure tsotsa sosai, sai dai tsada da buƙatar cajar da ta dace da shi. Abin tsoron shi ne wanda aka harhaɗa da tsofaffin baturan kwamfuta aka naɗe da salatif.

Akwai kuma masu neman ƙaton batir da inbata don su jona wa ruwa wuta, suna cewa kifin suma kawai yake yi. Wutar ba ta zaɓe: tana kashe 'ya'yan tarwaɗa da ƙarfasa da ba su isa kamu ba, kuma mai tsaye a jiƙaƙƙen jirgi shi ma yana kan hanyarta. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta wannan tare da guba da nakiya.

Saura tsohon batirin. Ana ganin dabara ce a fasa shi a narka dalmar a yi nauyin birgi da kalli. A Thiaroye-sur-Mer, garin masunta kusa da Dakar a Senegal, shekaru aka yi ana haka, har ƙurar dalma ta cika yashin unguwa. Da farashinta ya tashi, mata suka shiga tankaɗe yashin a tsakar gida, yara na wasa a gefe. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka rasu. Mu ma mun ga aikin wannan guba a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara kusan 400 a yankin Anka da Bukkuyum. Ba ta da wari, wanke hannu da ruwa kawai ba ya raba tsakar gida da ita, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara take fara taɓawa. Tsohon batir kuɗi ne yadda yake, masu sayar da sabo da yawa suna karɓarsa su rage farashi. A kai shi a rufe, a tsaye, da ruwansa a ciki, kada a tuttular a kwata ko a gefen fadama don a rage nauyin ɗauka a babur.