AUNA RANAR DA KE DUKAN FATARKA: ME YA SA MASU BINCIKE SUKE YI?

Mai karatu, in aka tambaye ka awa nawa ka yi cikin rana makon jiya, da wuya ka ba da amsa daidai. Wannan matsala ta daɗe tana damun masu binciken sankarar fata, domin sun fi dogara da abin da mutum ya iya tunawa.

Abin da ake son aunawa shi ne wani haske da ke cikin rana, ana kiransa UV, wanda ido ba ya gani, fata kuma ba ta jin sa. Zafin rana daban, shi daban. Ko ranar da gari ya yi sanyi, ko aka yi ɗan hadari, yana iya ƙona fata. Tun 1992 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hasken rana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara.

Na'urar da ke kan rufin gini tana auna abin da ya sauka a gari ne kawai. Amma manomi da tela, ko da unguwarsu ɗaya, rabonsu ba ɗaya ba ne. Shi ya sa ake ba mutum nasa ma'aunin. Tun 1976 ake amfani da wani ɗan fallen roba mai suna folisalfon, a maƙala shi a riga ko hula. Hasken yana sauya shi kaɗan-kaɗan, sai a auna sauyin a ɗakin gwaji. Yanzu akwai na lantarki mai kama da agogon hannu, wanda ke nuna har lokacin da rana ta fi dukanka.

A ƙasarmu zabiya abin ya fi shafa, saboda fatarsu ba ta da isasshen sinadarin melanin mai kare ta. Sankarar takan fito musu a fuska, kunne, wuya ko bayan hannu, sau da yawa tun da ƙuruciya.

In aka gayyace ka irin wannan bincike kuma ka amince, ka bi waɗannan: kada hannun riga ko mayafi ya rufe ma'aunin. Kada ka bar shi a taga. Ka yi harkokinka yadda ka saba, domin wasu kan ƙara shiga inuwa don likita ya yaba musu, sai sakamakon ya lalace. Kada kuma ka cire hula ko ka daina shafa man kare rana saboda bincike. Ma'aunin ba ya fitar da komai cikin jikinka, kuma kana iya janyewa ba tare da ya shafi maganinka ba.

Ka tuna ma'aunin ba ya gano sankara. Gyambon da ya kai wata guda bai warke ba, ko tabon da ke girma ko zubar da jini, ka kawo shi sashen cututtukan fata a duba.