Azurfar da ke haske a ɗakin gwaji ba ta sha ba ce

A shekarar 1993 wasu masana biyu 'yan Amurka, Victor Ambros da Gary Ruvkun, suna nazarin wata tsutsa mai tsawon milimita 1, sai binciken nasu ya bankaɗo wani guntun saƙo a cikin ƙwayar halitta wanda ba a san da zamansa ba. Shi ake kira maikro-RNA. Haruffansa kamar 22 ne kacal, amma aikin ɗan sanda yake yi: yakan tare dogon saƙon da za a ƙera furotin da shi, ya ce ba a wuce ba. Wannan bincike ne ya jawo musu kyautar Nobel a 2024.

Abin da ya ja hankalin likitoci shi ne yawan waɗannan guntaye yana sauyawa idan cuta ta shiga jiki. Wanda ake kira miR-21 yakan hauhawa a ciwon daji iri-iri, miR-122 kuma yakan kwararo cikin jini idan hanta ta ji rauni. Sai dai gano su jan aiki ne, don ga ƙanƙanta ga ƙaranci. Hanyar da aka saba ita ce PCR, wadda muka sha jin sunanta lokacin korona, kuma ita sai da na'ura mai tsada, da ƙwararre, da wutar da ba ta ɗaukewa.

A nan azurfa ta shigo. Tun 2004 aka nuna cewa zaren DNA yana iya riƙe ɗan dunƙulen azurfa, ƙwayoyin zarra 'yan kaɗan, galibi ba su haura 30 ba. Idan azurfa ta ƙanƙance haka sai ta bar halinta na zobe da awarwaro: a haska ta, ta mayar da nata hasken, ja ko kore. Sai masana suka tsara zaren da baki biyu, ɗaya ya riƙe azurfar, ɗayan kuma an yanka shi daidai da maikro-RNA ɗin da ake nema, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. A 2011, a Jami'ar Kofanhagen ta Danmak, Seong Wook Yang da Tom Vosch suka nuna cewa da zarar abin da ake nema ya maƙale wa zaren, jan hasken sai ya dushe. Wanda suka fara gwadawa da shi ma na wani ɗan tsiro ne dangin kabeji, ba na mutum ba. Dabara ce mai ban sha'awa, kuma kayan haɗinta ba su da tsada.

To amma fa har yanzu a ɗakin bincike take. Hasken yakan sauya da yawan gishirin ruwan gwajin, yakan kuma raunana idan an ajiye ya daɗe. Jinin mutum kuwa kasuwa ce, ba ruwa mai tsabta na kwalbar gwaji ba. Shi kansa miR-21 yana tashi a kumburi da wasu cututtukan zuciya, don haka tashinsa kaɗai ba ya nufin daji. Ke nan, wanda ya kafa tebur a tasha da kwamfuta, ya miƙo maka ɗan ƙarfe ka damƙe, bayan minti biyu ya ce "fasahar nano" ta gano maka cuta, ga kuma maganin a jakarsa, kuɗinka yake so. Tabbatar da daji sai an ɗebi tsokar wurin an duba ta a asibiti.

Masu ruwan azurfa na sha ma da irin wannan labari suke fakewa. A watan Agustan 2014, ana tsaka da fargabar Ebola, an sanar a Nijeriya cewa za a gwada wani ruwan azurfa mai suna Nano Silver, kafin mako ya zagayo ma'aikatar lafiya ta ce bai cika sharuɗɗa ba. Tun 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da ruwan azurfa a matsayin magani. Wanda ya daɗe yana shan sa, azurfar takan taru a fatarsa ta rine ta shuɗi-shuɗi mai toka-toka, kuma ko ya daina sha launin yawanci ba ya fita.