Beth Potter: 'yar tseren da sai da ta koma ruwa kafin ta samu lambar Olamfik

A watan Agustan 2016 Beth Potter, 'yar Sikotilan, ta wakilci Birtaniya a tseren mita 10,000 na gasar Olamfik ta Rio, ta kuma ƙare can baya, nesa da masu karɓar lambobi. Shekarunta 24 a lokacin, tana koyar da Fiziks a makarantar sakandare. A 2017 ta ajiye aikin koyarwa da albashinsa, ta koma birnin Leeds, inda 'yan uwan nan biyu Alistair da Jonny Brownlee ke atisaye, domin ta rungumi tirayatulon, wato gasar da ta haɗa ninƙaya da tseren keke da gudu a zubi ɗaya.

A ma'aunin Olamfik ana fara wa da ninƙayar mita 1,500, a hau keke kilomita 40, a rufe da gudun kilomita 10. Mai kallo zai ɗauka gwanar gudu ta gama rabin aiki. Ba haka abin yake ba, domin ruwa ne ke tantance wanda zai kai ga amfani da ƙafarsa.

Dalilin yana cikin dokar tseren keken. An yarda 'yan wasa su tafi a ayari, na gaba yana kare wa na baya iska, ana karɓa-karɓa. Duk wanda ya fito daga ruwa tare da ayarin farko zai hau keke cikin sauƙi. Wanda ya makara da 'yan daƙiƙoƙi kuwa zai yi ta kokawa da iska shi kaɗai, tazarar tana ƙaruwa, ya iso fagen gudu ƙafafu sun riga sun mutu. In ma na gaba suka zagayo suka cim masa, fitar da shi ake yi daga gasar.

Abin takaicin shi ne jikin da gudu ya gina ba ya jituwa da ruwa. Idon sawun mai gudu a ƙage yake, don ya riƙa dukan ƙasa yana tashi. Ninƙaya kuma tana son tafin ƙafa mai laushi da zai miƙe kamar wutsiyar kifi. Ƙafafu masu tauri sukan nutse, ƙugu ya bi su, sai mutum ya zama kamar mai jan buhu a bayansa. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, saboda haka ƙaramin kuskure a yadda jiki ya kwanta yana cin ƙarfi mai yawa. Ga kuma numfashi. A salon da ake amfani da shi, na kifa ciki ana wurga hannu ɗaya bayan ɗaya, ba a shaƙar iska sai lokacin da juyin jiki ya ba da dama, kuma a cikin ruwan ake fitar da ita. Mutumin da ya saba idan ya ga ana wuce shi ya ƙara ƙaimi, a nan ƙara ƙaimin kan jawo masa koma-baya.

Potter ta yi sa'a ɗaya: ta yi ninƙaya tana yarinya. Duk da haka shekaru ta ɗauka tana gyara. Ta lashe gasar Turai a 2019, amma da aka zaɓi mata ukun da za su wakilci Birtaniya a Tokyo babu sunanta, ko da yake a Afrilun 2021 ta yi gudun kilomita 5 a kan titi cikin minti 14 da daƙiƙa 41, lokacin da ya girgiza masu harkar tsere. Gudun nan, duk kyansa, bai ba ta gurbi ba.

Jarrabawar gaske ta zo a Agustan 2023, a gasar gwajin da aka shirya a Paris a kan hanyar da za a bi a Olamfik. Ta yi ta ɗaya. Wata guda bayan nan ta zama zakarar duniya a Pontevedra da ke Sifaniya, gurbinta ya tabbata.

Ranar 31 ga Yulin 2024 ta faɗa kogin Seine mai ƙarfin igiya, bayan an sha ce-ce-ku-ce kan tsabtar ruwansa. Ta hau keke cikin ayarin gaba a kan titunan da ruwan sama ya jiƙa. Cassandre Beaugrand ta Faransa ta ɗauki zinare, Julie Derron ta Suwizalan ta ɗauki azurfa, Potter ta zo ta uku.