Georges Lemaître: Limamin cocin da ya ƙi yarda a mai da bincikensa hujjar Littafin Farawa

Ranar 22 ga Nuwamba 1951, Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi gaban masana a Cibiyar Kimiyya ta Fadar Vatican. Ya ce masu binciken taurari sun bi sawun lokaci har sun kai ga mafarin duniya, sun kuma zama shaidu a kan halittar haske da babin farko na Littafi Mai Tsarki ke ba da labari. Kiristoci da dama sun yi murna. Amma mutumin da aka gina jawabin a kan aikinsa, limamin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Georges Lemaître, bai ji daɗi ba ko kaɗan.

An haifi Lemaître a garin Charleroi a 1894. Ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya cikin sojojin igwa, ya dawo ya karanta lissafi da fizik, aka naɗa shi limami a 1923. Daga nan ya wuce Cambridge a Ingila wajen Arthur Eddington, sannan Amurka. A 1927, yana malami a Jami'ar Katolika ta Louvain, ya buga wata maƙala da Faransanci a mujallar da ba kowa ke karantawa ba. A ciki ya yi amfani da lissafin Albert Einstein ya nuna cewa sararin samaniya ba a tsaye yake ba, faɗaɗa yake yi. Kamar ƙullin fanke ne da aka barbaɗa wa riɗi: yayin da yake tashi, kowace ƙwaya tana nisantar ƴar'uwarta, wadda ta fi nisa kuma ta fi saurin tafiya. Haka gungu-gungun taurari ke yi. Sai bayan shekara biyu Ba'amurke Edwin Hubble ya fitar da awon da ya nuna hakan, kuma shi ya kwashe sunan.

Einstein da kansa bai karɓa ba da farko. Da suka haɗu a Bruxelles a 1927, ya ce wa limamin lissafinsa daidai ne, amma fahimtarsa ta fizik abin ƙyama ce.

Lemaître bai tsaya nan ba. Idan komai yana nisantar juna yau, to jiya ya fi kusa, shekaranjiya ya fi haka. A 1931 ya rubuta a mujallar Nature cewa komai ya faro ne daga dunƙule guda, wanda ya kira ƙwayar zarra ta farko. A nan zargi ya taso. Mutum sanye da baƙar rigar limamai ya zo yana cewa duniya tana da ranar farawa: wasu masana suka ɗauka wa'azi ne ya shigo da shi ta bayan gida. Fred Hoyle, wanda ke ganin duniya ba ta da farko, shi ya laƙa wa ra'ayin sunan Big Bang, wato babbar fashewa, a wani shirin rediyon BBC a 1949.

Wannan ne ya sa yabon Paparoma ya zame wa Lemaître alaƙaƙai. Ya shafe shekara ashirin yana nuna wa abokan aikinsa cewa daga lissafi ya samo ra'ayinsa, ba daga Littafin Farawa ba, sai ga shugaban cocinsa ya ba masu zargi abin da suke nema. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan zurfi. A wancan lokaci ba a tabbatar da ra'ayin ba tukuna. Da a ce gobe awo ya nuna Hoyle ne ke da gaskiya, me zai faru da bangaskiyar wanda aka ce masa hujjarsa tana cikin na'urar hangen taurari? Wanda ya jingina da zana, in iska ta kwashe ta, tare za su tafi.

Ya kuma bambanta abu biyu da mutane ke yawan haɗawa. Farawa, a wurinsa, tambaya ce ta fizik: yaushe, ta yaya, da wane irin zafi. Halitta kuwa tambaya ce ta daban: me ya sa akwai wani abu tun asali, wa ke riƙe da shi. Na'ura ba ta amsa ta biyun. A taron Solvay na 1958 ya ce ra'ayinsa ya bar wanda bai yarda da Allah ba da ƴancin musunsa, mai bi kuma ya tuna da maganar Annabi Ishaya cewa Allah ɓoyayye ne. Ko a rubutun hannunsa na maƙalar 1931 akwai sakin layi na ƙarshe da ya ambaci Allah, amma ya soke shi kafin a buga.

Masu tarihi sun ce shi da Daniel O'Connell, shugaban ɗakin binciken taurari na Vatican, sun isar da damuwarsu. Da Paparoma ya yi wa masana taurari na duniya jawabi a Satumba 1952, bai sake ɗaura ra'ayin da Littafin Farawa ba. Coci ba ta hukunta Lemaître ba. A 1960 ma shi aka ba shugabancin cibiyar kimiyyar.

To kwanaki shida na halitta fa? Lemaître na ganin an saukar da Littafi ne don koyar da hanyar ceto, ba darasin taurari ba. Ba shi ya fara wannan karatu ba. Tun ƙarni na biyar Augustine, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya lura cewa labarin ya sa halittar rana a kwana na huɗu, don haka kwanakin ba lallai su zama irin namu ba. Ya kuma gargaɗi Kiristoci kada su yi ta shirme a kan sama da ƙasa gaban wanda ya fi su sani, su ja wa Littafin raini.

Ba duka Kiristoci suka bi wannan hanya ba. A 1650 Akbishop James Ussher na Ireland ya ƙirga zuriyoyin da ke cikin Littafi ya sa halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Yesu, kuma har yau akwai masu riƙe da lissafi mai kama da wannan, musamman a Amurka, inda ƙungiyar Answers in Genesis ta buɗe gidan tarihin halitta a jihar Kentucky a 2007. Hujjarsu ba ta wasa ba ce: in an ce babin farko misali ne, a ina za a tsaya? Sai dai awon da ake da shi yanzu ya sa shekarun sararin samaniya a wajen miliyar 13 da miliyan 800, tazarar da babu gyaran lissafin da zai cike ta.

A 1965 Arno Penzias da Robert Wilson suka sanar da gano wani raunannen shuuu da ke zuwa daga kowace kusurwar sama, ragowar zafin farkon duniya. Labarin ya iske Lemaître yana jinya, ƴan kwanaki kafin rasuwarsa ranar 20 ga Yuni 1966. A 2018 Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta kaɗa ƙuri'a ta ba da shawarar a riƙa kiran ƙa'idar faɗaɗar sarari da sunan Hubble da Lemaître tare.