Lissafin Da Ke Bayan Rijiyar Burtsatse A Karmo

Ɗan Arewa da ya daɗe a Agege ko Idi-Araba ya saba da ƙasar Legas mai yashi, inda ruwa ba ya nisa. In ya tara 'yan kuɗinsa ya nufi Karmo, kusa da Gwagwa a Babban Birnin Tarayya, don ya haƙa rijiyar burtsatse ya sayar wa 'yan garuwa, to, zai tarar da wata irin ƙasa dabam.

Abuja, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zaɓa a 1976, a kan tsohon dutse take zaune. Ruwan ƙarƙashinta yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama ne, ko cikin tsagar da ke can ƙasa. Shi ya sa wani zai dace, maƙwabcinsa kuwa ya haƙa busasshiya.

Ƙwararrun mahaƙa sukan rubuta mintocin da kowane sandan ƙarfe ya ci kafin ya nutse. Amma alƙaluman sukan yi ta tsalle, domin ƙarfin injin yakan canja, bakin ƙarfen kuma yakan dakushe. Saboda haka masana duwatsu sukan daidaita su, watau su haɗa alƙaluma uku ko biyar na jere su ɗauki matsakaicinsu, sa'an nan su matsa gaba sanda ɗaya su sake, har hayaniyar ta kwanta iyakar kowane irin dutse ta fito. Kimanta abin da ke tsakanin rami da rami kuwa yana da nasa lissafin, wanda injiniya Danie Krige ya assasa a 1951 a mahaƙar zinariya ta Afirka ta Kudu.

Sai dai daidaitawar nan tana da haɗari a wuri irin Karmo. A ce sanduna biyar sun ci minti 12, 14, 4, 13 da 12. Matsakaicinsu 11 ne, ba abin da zai ja hankali. Alhali kuwa wannan 4 ɗin, inda ƙarfe ya zurma farat ɗaya, wataƙila ita ce tsagar da ke ɗauke da ruwan. In aka shafe ta a takarda, ana iya toshe ta da bututu marar huji.

Don haka mai rijiya, ko yana Legas, ya sa wakilinsa ya karɓo takardun biyu, ta ainihin mintocin da kuma wadda aka daidaita, tare da zurfin da aka fara ganin laima a garin dutsen da injin ke fesowa, kafin a biya cikon kuɗi.